Fedar Haske a Ƙarƙashin Ƙafar Makaɗin Jitar Sitil

Wanda ya taɓa sauraron faifan Juju Music na King Sunny Ade, wanda kamfanin Island ya fitar a 1982, ya ji wani sauti mai zamiya yana ratsawa tsakanin ganguna, ya kumbura ya lafa ba tare da an ji inda aka taɓa tsirkiya ba. Demola Adepoju ne ke kaɗa shi a kan jitar sitil mai feda. Masu son waƙoƙin Don Williams ma sun sha jin irinsa daga hannun Lloyd Green. Yabo yakan tafi ga hannu, alhali rabin wannan sauti daga ƙafar dama yake fitowa.

Ita wannan jita a kwance take bisa ƙafafu huɗu, makaɗi yana zaune a gabanta. Hannun hagu na jan sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyi goma, na dama na tsinka, ƙafar hagu na taka fedojin da ke sauya tsayin sauti, gwiwoyi na tura wasu ƙarafa. Asalinta Hawai ne, inda Joseph Kekuku ya fara wannan salo a ƙarshen ƙarni na 19, kuma tun da Bud Isaacs ya taka feda a tsakiyar waƙar Slowly ta Webb Pierce a 1953, birnin Nashbil ya rungume ta. Ƙafar dama kuwa aikinta ɗaya ne: fedar ƙara murya da rage ta. Tsirkiya in an tsinke ta takan fito da ƙarfi, sannan ta soma mutuwa. Gwani sai ya ɗan janye fedar lokacin tsinkawa, ya riƙa danna ta a hankali yayin da sautin ke dusashewa, har mai sauraro ya ɗauka sautin bai taɓa raguwa ba. Daga farkon wasa zuwa ƙarshe ƙafar nan ba ta hutawa.

Nan matsalar ta samo asali. Tsohuwar feda, irin ta Sho-Bud ko Goodrich 120 ko ta Ernie Ball, tana aiki da fotenshiyomita, wanda makaɗa ke gajartawa su ce fot: wani ɗan harshen ƙarfe da ke goga a kan zoben gawayi, ana juya shi da zare ko haƙoran giya. Abin da ake gogawa dare da rana dole ya cinye. Duk mai tsohuwar rediyo ya san ƙarar nan mai karce kunne da ke tashi in an murɗa murya; to ita ce ke fitowa ta amfilifaya a tsakiyar waƙa mai taushi. Shekaru da yawa makaɗa sun dogara ga fot mai 500K na kamfanin Allen-Bradley da ke Milwoki, wanda ke jure taku. Da aka daina yin sa, aka yi ta koke cewa waɗanda suka maye gurbinsa ba sa daɗewa, mutane suka fara neman mafita.

Mafitar ta riga ta wanzu. 'Yan'uwa biyu a Los Anjalas, Ray da Marv Lubow, sun yi suna a shekarun 1970 da fedojin Morley, waɗanda a cikinsu babu abin da ke goga wani. Akwai ɗan ƙwan fitila a gefe guda, da ƙwayar da ke jin haske a ɗaya gefen, da wani ɗan labule a tsakani wanda ke motsi tare da ƙafa. Haske ya ƙaru, lantarki ya samu hanya, murya ta tashi. Daga baya fitilun LED suka karɓi aikin ƙwan. Kamfanin Goodrich ya fitar da tasa fedar hasken, sannan Keith Hilton na garin Ozark a jihar Mizuri ya zo da mai amfani da hasken infared, wanda ido ba ya gani, ta kuma bazu a tsakanin makaɗan sitil. Kamfanin Telonics na Arizona ya bi wata hanya dabam, ba fot ba haske, sai na'urar da ke auna karkatar fedar.

A ganin mai wannan rubutu, komawa ga fedar haske daidai ne, kuma wanda ke kiɗa don neman abinci bai kamata a zarge shi da gudun gargajiya ba. Abin da ke damunsa shi ne maganar da ke yawo cewa wannan feda ba ta buƙatar kulawa. Tana buƙata. Wurin lalacewar ne kawai ya sauya.

Na farko wuta. Fedar fot ba ruwanta da soket. Fedar haske kuwa in babu lantarki ta zama guntun ƙarfe. Waya siririya ta adafta, wadda ake naɗewa a warware kowane dare, ana takawa, ana jan ta da ƙafar kujera, ita ce ta fi saurin cin amanar makaɗi. Mafi muni shi ne aron adaftar wata na'ura don kawai bakinta ya shiga ramin. In ƙarfin wutar ya bambanta, ko an juya mata kai, ana iya ƙona cikin fedar nan take. Wanda ya sayo feda daga Amurka, inda wutar gida ke kusan bolt 120, ya kai ta ƙasar da ke da 230, wajibi ne ya karanta abin da aka rubuta a jikin adaftar kafin ya jona.

Sai ƙura. Na'urar da ke aiki da haske komai ya tare hasken zai sauya halinta, kuma feda a ƙasa take zaune, inda takalmi ke kawo duk abin da ya kwaso. A buɗe ta lokaci-lokaci, a hure, a share fuskar fitila da ta ƙwayar da busasshen ƙyalle mai laushi. Kada a fesa mata maganin wanke fot, kada a zuba mai sai a kan sandar da take juyawa, shi ma ɗigo. A tabbata murfin ya koma daidai, don hasken dandali ko na rana in ya kutsa ciki, fedar na iya ƙin yin shiru.

Tsofaffin fedojin haske na buƙatar ƙarin haƙuri. Ƙwan fitila yana mutuwa ba sallama, kuma tun kafin ya mutu yana dusashewa, sai makaɗi ya ga yana ƙara danna ƙafa bai san dalili ba. Ƙwayar jin hasken, da ake yi da sinadarin kadmiyom, tana da ɗan nawa wajen amsawa, zafi da sanyi ma suna taɓa ta.

Akwai kuma batun daɗin sauti, wanda a nan ne gardama ta fi zafi. Na'urar ɗaukar sauti ta jitar sitil tana da yawan naɗin waya ƙwarai, sau biyu ko uku na jitar lantarki ta yau da kullum. Fot tare da doguwar waya sukan shanye wani ɓangare na kaifin sautin, musamman in fedar na tsakiya, shi ya sa Goodrich ya daɗe yana sayar da ɗan akwatinsa Matchbox don kare wannan kaifi. Fedojin haske na zamani suna zuwa da irin wannan kariya a ciki, sautin ya fito tas daga diddige har yatsu. Wasu na jin hakan a matsayin tsabta, wasu na cewa ya yi tsini, ya rasa ɗumin tsofaffin faya-fayan makaɗin sitil Buddy Emmons. Masu wannan ƙorafi ba camfi suke yi ba, kunnensu na jin abu na gaske. Sai dai maganinsa sau da yawa yana jikin amfilifaya: wanda ya sauya feda bai taɓa maɓallan sauti ba, bai yi wa sabuwar adalci ba.

Wajen zaɓe, suna ba shi ne abin dubawa ba. A zauna a gaban jitar da takalmin da ake wasa da shi. Idan fedar ta yi tsayi, gwiwar dama za ta matse a ƙarƙashin jita ta kasa tura ƙarafanta, dalilin da ya sa ake yin gajerun fedoji ke nan. A danna a hankali a ji ko muryar na hawa sumul, ko tana tsalle a wuri guda. A ɗaga ƙafa a ga ko fedar za ta tsaya inda aka bar ta. A tambaya ko ana iya saita inda take yin shiru, kamar yadda ake yi da ta Hilton, don makaɗa da yawa sun fi son ɗan sauti ya rage ko da an koma diddige. Kuma tsohuwar fedar fot kada a sayar da ita. Ta zauna a jaka, ranar da adafta ta mutu ita za ta ƙarasa wasan.

Mai riƙe da tsohuwar Morley ko wata mai ƙwayar kadmiyom yana da ƙarin dalilin gaggawa. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2006 ta taƙaita amfani da kadmiyom a kayan lantarki, masu ƙera na'urori suna ta kauce masa. Ya nemi lambar ƙwan fitilarsa da ta ƙwayar tun fedar na da lafiya, ya sayi na ajiya, ya liƙa su a cikin murfin.