Zauren Karkara: Tsokaci a Kan Ginin da Manazarta Suka Tsallake

Gabatarwa

Duk wanda ya duba rubuce-rubucen da aka yi game da ginin Hausa, kamar littafin Moughtin na 1985 da aikin Dmochowski na 1990, zai tarar an fi karkata ga manyan birane: Gidan Rumfa, Gidan Makama, da masallacin Jumma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Ba a musun darajar waɗannan. Abin da wannan maƙala take ƙorafi a kai shi ne yadda aka tsallake zaurukan karkara, irin na gidajen dagatai da masu gandu a ƙasar Gaya da Ajingi, alhali kuwa Gaya tsohon gari ne, wanda tarihin baka ya ce daga can Abagayawa suka taso suka zauna a gindin Dala.

Siga da Fasaha

Zaure, ko soro a bakin Kanawa, shi ne fuskar gida, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Da tubali ake gina shi, a rufa da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Amma azara tana da iyaka: idan tazara ta wuce kamar ƙafa shida sai ta fara lanƙwasa saboda nauyin ƙasa. Wannan matsala ce ta haifi bakan gizo da ɗaurin guga. Watau adon da muke gani a rufin soro dabara ce ta ɗaukar nauyi tun kafin ta zama ƙawa. Haka makuba da laso da indararo, duk maganin damina ne. Ƙofar ciki kuwa ba ta fuskantar ta waje, don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida.

Matsayinsa ga Jama'a

A nan ne manazartan suka fi gazawa, domin sun auna bango sun bar abin da ake yi a cikinsa. A gidajen gandu, tun daga na sarauta irin na Fanisau da Takai har zuwa na attajirin ƙauye, zaure ne iyaka tsakanin gida da duniya. Nan baƙo yake sauka, nan ake sulhu, nan ake karɓar gaisuwar mutuwa, nan ake cin tuwon dare tare da maƙwabta. Harshe ma shaida ne: muna da “makarantar zaure”, inda ake karatun littattafai, muna kuma da “zaurance”. Ginin da ya bar irin wannan sawu a harshe ba ƙaramin gini ba ne.

Kammalawa

Yau bulo da kwano da ƙyauren ƙarfe suna maye gurbin soro. Ba a zargin maigida, domin yaɓen kowace shekara yana cin kuɗi, azara ta yi wuya, magina kuma sun tsufa ba magada. Sai dai ƙyauren ƙarfe tsarewa kawai ya iya, bai iya saukar baƙo ba. Tun da dokar 2024 ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu a masarauta ɗaya, ya kamata masarautar, tare da sassan Hausa na jami'o'inmu, su ƙididdige zaurukan da suka rage, a auna su, a ɗauki kalmomin sana'ar daga bakin tsofaffin magina. Kowace damina tana tafiya da wani soro, kowane magini kuma yana tafiya da kalmominsa.