Sabon jirgi da sunan tsoho

Ranar 24 ga Mayu 1940 aka harbi jirgin yaƙi Spitfire mai lamba P9374, matuƙinsa Peter Cazenove ya lallaɓa ya sauke shi a bakin teku kusa da Calais a Faransa. Yashi ya haɗiye shi shekara 40. A 1980 ya sake bayyana, gishirin teku ya riga ya cinye jikinsa, masu neman tsaraba suka yi ta ɓalle abin da ya rage. A 2011 jirgi mai wannan lamba ya tashi daga Duxford a Ingila, a 2015 kuma kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da shi sama da fam miliyan 3.

To, wane jirgi aka saya?

Ba na raina aikin maƙeran da ke sake gina irin waɗannan jiragen. Shekaru suke yi suna bin zanen masana'anta na asali, ƙusa bayan ƙusa, kuma duk wanda ya ji rugugin injin Merlin a sama ya san sun cancanci jinjina. Dole ce ma ta sa: babu hukumar da za ta bari ƙarfen da ya ruɓe a ruwan gishiri ya ɗauki mutum sama. Sai a ƙera fiffike sabo, gangar jiki sabuwa, a liƙa ɗan farantin lambar nan da bai kai tafin hannu ba, a ce ga jirgin 1940. A nan muka rabu. Wannan sabon jirgi ne da ya gaji suna, kuma ya kamata allon da ke gabansa ya faɗi haka ƙarara, ya lissafa abin da ya fito daga yashi da abin da aka ƙera jiya.

Ni zuciyata tana wurin wani jirgin yaƙin, Halifax W1048. A Afrilun 1942 aka harbe shi yayin farmaki kan jirgin ruwan Jamus Tirpitz, ya sauka kan ƙanƙarar tafkin Hoklingen a Norway, ya nutse. An tsamo shi a 1973, gidan tarihin sojan saman Birtaniya da ke Hendon ya bar shi kusan yadda ya fito. Yana kwance rub da ciki, jikinsa a lanƙwashe, fenti ya koɗe, fiffiken dama da wuta ta ci yana nan da taboninsa. Ba zai ƙara tashi ba. Amma ƙarfen da kake kallo shi ne wanda ma'aikatan jirgin suka zauna a cikinsa a daren farmakin, suka kuma fita da ransu.