Aikin gidan Turanci: wa ake ba makin?

Wani yayi ya shigo ƙananan makarantun sakandare, ya fi ƙarfi a makarantun kuɗi, amma na gwamnati ma sun fara ɗauka. Malamin Turanci zai rubuta take a allo ranar Juma'a, ya ce a je a yi bincike a intanet, a kawo ranar Litinin, in son samu ne a buge da kwamfuta har da bango mai launi. Aikin yana da maki biyar ko goma cikin 30 ko 40 da ake warewa C.A. a kowane zango. Iyaye suna murna, wai makaranta ta waye. Ni dai a ganina wannan salo ya raba malami da abin da ya fi buƙata daga ɗalibinsa, wato kurakuransa.

Kwafar jinga ba yau aka fara ba. Duk wanda ya yi sakandare ya san yadda ake yanyame littafin gwanin aji da sassafe kafin a buga ƙararrawar asambuli. Amma kwafar wancan zamani tana tona kanta: yara talatin za su faɗa rami ɗaya, malami ya gane daga ina ruwan ya ɓullo, kuma ko ba komai hannun yaro ya bi ta kan jimlolin. Yanzu kuwa, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, sannan Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, yaya ko anti ce za ta ɗauki hoton tambayar, kafin tuwo ya huce insha'i ya sauko, babu tuntuɓe ko ɗaya. Yarinya 'yar aji ɗaya da ba ta iya tambayar izinin fita da Turanci ba, sai ga ta da shafi biyu kan illar ɗumamar yanayi, da kalmomin da malamin kansa sai ya duba ƙamus.

To me malami zai yi da wannan takarda? Ɗan Bahaushe yana da wuraren da ya saba tuntuɓe a Turanci, kuma sanannu ne. Yana musanya p da f, da b da v, a baki har a rubuce. Yana zubar da a da the saboda harshensa ba haka yake nuna su ba. Yakan fara labari da shuɗaɗɗen lokaci, ya ƙare da na yanzu. Yakan kira mota ko riga da lamirin mace, domin a Hausa mata ne. Waɗannan kurakurai su ne ke gaya wa malami darasin da zai yi gobe. Idan aka wanke su tas kafin su iso gabansa, sai ya ci gaba da bin manhaja babi bayan babi, yana zaton ajin na biye da shi, har ranar jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku, inda babu waya, babu yaya, sai yaro da bironsa.

Ya kamata kuma a tuna wane ne ke zaune a bencin JSS 1. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a farkon firamare, daga baya Turanci ya karɓi ragama. A yawancin makarantun gwamnati na Arewa wannan karɓar ragama ba ta cika faruwa ba. Ana rubuta darasi a allo da Turanci, a yi bayani da Hausa, har aji shida. Sai yaron ya shigo sakandare a miƙa masa littafi irin New Oxford Secondary English Course, wanda ya ɗauka cewa mai riƙe da shi zai iya karanta shafi guda ya amsa tambayoyin auna fahimta. Wanda bai kai nan ba, in ka ce ya je gida ya rubuto insha'i, ba ka bar masa zaɓi ba sai ya nemi mai yi masa. Mai gata yana da malamin lesin ko uwa mai digiri. Mara gata ya sha bulala, ko ya rasa makin. Abin da rajistar C.A. ke aunawa a nan, gidan da yaro ya fito ne.

Sannan ga lokaci. Masu ba da jinga suna yi kamar yaro na komawa gida ne ya tarar da tebur da fitila suna jiransa. A Kano ko Zariya ko Gusau, ana tashi daga boko wajen ƙarfe biyu, a ci abinci, a tafi Islamiyya bayan la'asar ko kafin nan, a dawo dab da magariba, wasu kuma akwai makarantar dare. Asabar da Lahadi na hadda ne a gidaje da yawa. Ga wanke-wanke da raino da talla a kan 'yan mata, ga kasuwa da gareji da gona a kan maza, ga wutar NEPA da ba a yi alkawari da ita. Yammacin Alhamis da Juma'a ne kawai yawancin yara ke da sarari, tunda Islamiyya na hutu, amma da wuya ka ji malamin boko ya tsara aikinsa da wannan a ransa.

Ba ina cewa a daina ba da aikin gida ba. Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka, wanda ya daɗe yana tattara bincike a kan batun, ya nuna cewa amfaninsa kaɗan ne a firamare, yana ƙaruwa a sakandare, kuma a ƙaramar sakandare amfanin yana tsayawa idan aikin ya yi yawa. Ƙa'idar da aka sani a can ita ce minti goma a kowane dare ga kowace shekarar karatu, wato ɗan shekara ta bakwai, daidai da JSS 1 ɗinmu, minti 70 ga darussa duka, ba Turanci kaɗai ba. Ƙasar Sin, da duk tsananinta a kan karatu, a 2021 ta kayyade rubutaccen aikin gida na ƙaramar sakandare kada ya wuce minti 90. Kuma a lura, waɗannan yara ne da galibi harshen makaranta shi ne na gidansu.

Malamai za su ce, kuma da gaskiyarsu, ba su ne suka ƙirƙiro matsalar ba. Mai makaranta yana ƙirga yawan jinga a littattafan yara, iyaye kuma in ba su ga aiki ba sai su ce kuɗinsu ya tafi a banza. Tsoron iyayen yana da tushe, domin ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO. Amma a yi lissafi. A takarda, ɗalibai 40 ne ga malami ɗaya a sakandare. A ɗauka malami na da aji uku, kowanne da yara 80, abin da ba baƙo ba ne a makarantun gwamnati na birane. Littafi 240 ke nan. In ya ba kowanne minti uku kacal, ya ci awa 12 a kan jinga ɗaya. Shi ya sa gyaran ya koma shan jan biro da sa hannu, ko a tura monita ya yi. Aikin da ba za a karanta ba, yara sun fi kowa saurin ganewa, kuma daga nan suke daina ba shi muhimmanci.

Da ni ke da iko, da na juya tsarin. Rubutun insha'i ya dawo cikin aji, minti goma sha biyar a gaban malami, jimla shida ko takwas, da duk karkacewarsu. Malami ya zagaya, ya tsinci kuskure uku da suka fi yawa, ya ɗora su a allo ba tare da ambaton mai su ba. Abin da za a tafi da shi gida ya zama ƙarami, wanda yaro zai iya shi kaɗai: ya sake rubuta jimlolinsa uku da aka ja wa layi, ko ya karanta shafi biyu. Akwai littattafai sirara da suka dace da wannan shekaru, irin The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda labarinsa a Arewa ya faru, da Chike and the River na Chinua Achebe. Kuɗin da aji guda ke kashewa wajen buga takarda da bango a zango ɗaya zai sayi kwali guda na irin waɗannan, su riƙa zagayawa hannu zuwa hannu.

Akwai ma aikin da uwar da ba ta yi boko ba za ta fi malamin lesin amfani a kansa. A ce yaro ya tambayi mahaifiyarsa yadda ake dambu daki-daki, ko kakarsa ta ba shi labarin yadda unguwarsu ta samo suna, ko ya tambayi babansa farashin abu biyar a kasuwa, gobe ya zo ya faɗa da Turanci a jimla biyar. Ko da ya nemi waya ta fassara masa, tambaya ɗaya daga malami a baki za ta nuna ko ya san abin da ya kawo. Makin kuma kada a ɗora shi kan takardar da aka zo da ita daga gida. A ɗora shi kan ɗan gwaji na minti biyar a farkon darasi, shifta ko tambaya uku daga shafukan da aka ce a karanta.

Wannan ba ya buƙatar sabuwar manhaja daga hukumar tsara manhaja ta NERDC, kuma ba ya buƙatar kasafi. Wanda zai iya hana shi tafiya shi ne shugaban makaranta ko jami'in duba makarantu da ke buɗe littafin yaro yana ƙirga kanun jinga. Muddin yawan kanu ake tambayar malami, kanu zai ci gaba da tarawa, kuma ranar taron iyaye da malamai sai an samu wanda zai tashi ya yi wa iyaye bayanin dalilin da ya sa littafin ɗansu ya cika da jan biro a kan jimla shida, maimakon shafi biyu masu tsabta da aka bugo a shagon kwamfuta.