Jinjina ga Masu Gwajin Ƙarfin Magani a Kan Ƙwayoyin Cuta

Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a Landan a 1928, ya yi gargaɗin cewa ƙwayoyin bakteriya na iya bijire wa magani idan aka sha ƙasa da ƙima, kuma ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ne suka ɗauki nauyin bin sawun wannan bijirewa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi bi, wadda Kirby da Bauer suka daidaita a Amurka a 1966, ita ce a shafa ƙwayar da aka samo daga jini ko fitsarin majiyyaci a kan faranti mai abincinta, a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban, sannan a ajiye a ɗumin digiri 35 na sa'o'i 16 zuwa 18. Washegari sai ma'aikaci ya auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayen kowace takarda, domin wannan awon na milimita ne yake nuna wa likita maganin da har yanzu yake ci. Majiyyaci ba ya ganin wannan aiki mai buƙatar haƙuri da tsabtar hannu, amma masu yin sa sun cancanci jinjina.