Lissafin da ke Leƙa Ƙarƙashin Ƙasa: Nazari kan Neman Ruwa a Gure

A ƙasar Gure, gabas da Damagaram, samun ruwan sha ba abu ne mai sauƙi ba. A kwarurukan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda dabino ke fita, ruwa na kusa, amma sau da yawa kanwa ta taɓa shi. A wajen duwatsun Muniyo kuwa, ƙasa ta zauna ne bisa falalen dutse, ruwa ba ya taruwa sai inda dutsen ya tsage ko ya ruɓe. Injin haƙa na iya kuskure tsagar da 'yan taku kaɗan, kuɗin jama'a su salwanta a busasshen rami. Shi ya sa ake auna ƙasa da lantarki kafin a haƙa rijiyar burtsatse.

Masu aikin kan jera turakun ƙarfe, su tura wuta ta biyu, su auna ta wasu biyun, dabarar da Conrad Schlumberger ya fara gwadawa a Faransa a 1912. Idan rairayin ya bushe har wuta ta ƙi shiga, sai a zuba ruwan gishiri a gindin turakun. Wasu kuma waya suke shimfiɗawa zagaye, su yanke wutar farat ɗaya, su auna maganaɗisun da ƙasa ta mayar. Duk abin da na'urar ke bayarwa lambobi ne kawai. Lissafi ke fassara su.

Tun 1865 James Clerk Maxwell ya tsara ƙa'idodin lantarki da maganaɗisu, sai dai ba a iya warware su da alƙalami sai ƙasa ta kasance shimfiɗe bai ɗaya. Ƙarƙashin Muniyo ba haka yake ba. Don haka kwamfuta ke yayyanka ƙasar ƙananan gidaje kamar idon raga, ta ba kowane gida gwargwadon turjiyarsa ga wuta, ta lissafa abin da ya kamata na'ura ta nuna, ta gwama da abin da aka auna, ta gyara, ta sake, har su kusanci juna. Gidaje masu kusurwa huɗu, irin waɗanda masu bincike Dey da Morrison suka yi aiki da su a 1979, sun fi sauƙin tsarawa. Masu kusurwa uku sun fi bin gangaren tudu da karkatar tsaga.

Amfanin dabarar a fili yake, amma tana da rauni babba: yanayin ƙasa iri-iri na iya haifar da lambobi iri ɗaya. Yumɓu na wuce da wuta, ruwan kanwa ma haka. Shuɗin da ke nuna inda wuta ke wucewa a hoton kwamfuta, wanda ake murna da shi, yana iya zama laka ce, ko ruwan da ba ya shawuwa. Wanda ya ɗauki hoton tamkar ya ga ruwa da idonsa ya ɗora wa lissafi nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Da ɗan gari akan ci gari. Maginin rijiya ya san a gaba nawa ake cin karo da dutse, ya san inda ruwa ke da zartsi, kuma wannan sani ne ke rage wa kwamfuta laluben duhu. Ya kamata hukumomin ruwa su adana bayanin kowace rijiya, har da waɗanda suka fito a bushe. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ta Abdou Moumouni a Yamai kuma su horar da 'ya'yan yankin kan lissafin kansa, kada su tsaya ga danna na'ura.