Alamun Tsara Rubutu na Markdown da Baƙaƙen Hausa

Markdown wata ƙa'ida ce ta tsara rubutu a kwamfuta, wadda wani mutumin Amurka, John Gruber, ya fitar a shekarar 2004. Hanyarta ita ce marubuci ya rubuta zallar baƙaƙe, sa'an nan ya sa 'yan alamu inda ake bukata. Alamar # a farkon layi tana nuna kan magana, tauraro ɗaya a gaba da bayan kalma yana karkata ta, biyu su kaurara ta, lambobi kuwa su jera matakan aiki. Daga baya wata manhaja ta karanta alamun, ta fitar da shafi tsararre. Masu rubuta bayanin manhajoji da na'urori da yawa sun rungume ta. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne ko ƙa'idar ta dace da wanda zai rubuta irin wannan bayani da Hausa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san aikin ɗab'i. A Kamfanin Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945, da sauran maɗaba'u na wancan zamani, edita yakan bi rubutu da alƙalami yana ja wa kalma layi, yana sa alama a gefe, domin mai jera baƙi ya san wadda zai karkata da wadda zai kaurara. Watau magana dabam, umarnin tsara ta dabam. Abin da ya sake kawai shi ne na'ura ta gāji mai jera baƙi, ita kuwa ba ta jin Hausa, ba ta kuma komowa ta tambayi edita abin da yake nufi.

Alherin ƙa'idar a fili yake. A ɗauki misalin malamin kimiyya a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ko a Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2011, wanda yake so ya rubuta wa manoman rani na bakin madatsar Zobe bayanin yadda ake kula da injin ban-ruwa. In ya rubuta da Markdown, takardar ba ta da nauyi, za ta buɗu a kowace waya, ko da babu manhajar da za ta tsara ta ana iya karanta ta yadda take. Malamin gona a Kurfi zai iya gyara mataki na huɗu ba tare da sauran sun wargaje ba. Daga asali guda kuma a fitar da ta bugawa da ta intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne inda wuta ba ta zama, kuɗin sayen manhaja kuma ya yi ƙaranci.

To, amma "zallar rubutu" ɗin nan da ma'aunin wane harshe aka auna ta? Alamun Markdown duka an tsamo su daga jerin ASCII na Amurka, wanda aka fara fitarwa a 1963, mai gurbi 128, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ a ciki. Gaskiya ne Markdown ba ta hana kowa sa baƙaƙe masu ƙugiya ba, gama tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowannensu gurbi. Sai dai allon bugawa na Ingilishi ya koya wa mutane hali biyu: waɗansu su yar da ƙugiyar, waɗansu su maye gurbinta da alamar alhamza, su rubuta k'asa da d'aki. Da haka aka koma gidan jiya, kafin shekarun 1930, lokacin da wani yake sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi wani yake sa alhamza, har aka tsaida masu ƙugiya a zamanin Dokta R. M. East na Hukumar Talifi.

A cikin labari mai karatu yakan cinci ma'ana daga abin da ya gabata. A bayanin aiki kuwa jimloli gajeru ne, babu abin jingina. "A ɗaure" umarni ne ga mai riƙe da sifana, "a daure" nasiha ce ga mai haƙuri. "A kare" da "a ƙare" ba aiki ɗaya ba ne. Haka kuma wanda ya nemi ƙasa a cikin takarda, na'ura ba za ta nuna masa k'asa ba, balle kasa. Kalma ɗaya ta zama uku.

Babbar matsalar tana wajen alhamza kanta. A Ingilishi alamar rubutu ce, a Hausa kuwa baƙi ce mai wakiltar sauti, kamar a sana'a da ma'aikaci, tana kuma buɗe kalma a 'ya'ya da 'yan. Manhajar SmartyPants, wadda shi Gruber ɗin ya rubuta, wadda kuma ake yawan haɗa ta da Markdown don ƙawata alamun zance, in ta ga wannan alama a farkon kalma sai ta ɗauka zance aka buɗe, ta juya mata fuska. A Wikipedia, har da ta Hausa, inda ake bin wata ƙa'ida 'yar'uwar wannan, alhamza biyu ke karkata kalma, uku su kaurara ta. Mai son kaurara 'yan sai ya jera huɗu, ta farko kuwa ta faɗo waje, a raba ta da kalmarta.

Masanin harshe ya fi kowa shan wahala. Yana nuna karin sauti na ƙasa da ɗan karan da ke gangarowa dama a kan wasali. In allonsa bai iya ɗora karan ba, ya sa shi a gefen wasalin, to ya taɓa alamar da Markdown ta keɓe wa umarnin kwamfuta, duk abin da ke tsakanin kara biyu zai fito da wata kama. Yana sa tauraro gaban jimlar da nahawu bai yarda da ita ba. In tauraron ya zo farkon layi da tazara a bayansa, sai ya rikiɗe ya zama ɗigon jeri, jimlar banza ta fito kamar ingantacciya. Jera fassara kalma ƙarƙashin kalma kuwa, asalin ƙa'idar ba ta tanadi hanyarsa ba. Nan manhajar Pandoc, wadda John MacFarlane ya fara a 2006, ta yi abin yabo, gama ta ƙara hanyar lambanta misalai su bi juna daga farkon takarda har ƙarshenta.

Hukuncin dai shi ne Markdown ta isa ga bayanin aiki da takardun darasi, ba ta isa ga nazarin nahawu mai zurfi ba sai da ciko. Gyaran kuwa ba ya jiran kowa daga waje. Na ɗaya, a riƙa buga ƙ, ɗ, ɓ na ainihi, tun da allon Hausa yana samuwa a wayoyi. Na biyu, a kashe mai ƙawata alamun zance, ko a yi amfani da alhamzar da Unicode ya lissafa cikin baƙaƙe, ko da yake ta fi wuyar bugawa. Mutanen Nijar, da suke rubuta ƴ, sun huta da rabin wannan wahala. Na uku, a ɗora karin sauti bisa wasalinsa, a kuma sa karan da ke soke aikin alama, watau \, gaban tauraron nahawu.

Ya kamata kwalejojin horon malamai su sa waɗannan ƙa'idoji uku cikin darasin ƙa'idojin rubutu, kusa da raba kalmomi da haɗe su. Ɗalibin da ya fita da su, duk takardar da ya rubuta za ta isa hannun manomi da ƙugiyoyinta cif.