Soyayya da Takarar Alƙalami a Littafin Cimarron

Daga cikin ƙagaggun labaran da muka nazarta don darasin adabin kwatance akwai Cimarron na Edna Ferber, wanda aka buga a Amurka a 1930. Marubuciyar ta yi aikin jarida a jihar Wiskonsin kafin ta koma ƙaga labari, kuma hakan ya bayyana a aikinta.

Labarin ya ginu ne a kan Yancey Cravat da matarsa Sabra, waɗanda suka bar Wichita suka sauka a Osage, wani ƙagaggen ƙaramin gari a Oklahoma, bayan rububin filaye na 1889. A nan suka kafa jarida mai suna Oklahoma Wigwam. Mai karatu zai zaci labarin soyayya ne kawai, domin akwai bege da rabuwa da dawowa. A ganinmu, ainihin jigon shi ne takara a kan wanda zai mallaki muryar jaridar. Yancey mai zalaƙa ne, yana kare 'yan asalin ƙasar da aka ƙwace wa filaye, amma ba ya iya zama wuri guda. A 1893 ya bi wani sabon rububin ya ɓace shekara biyar. Sabra ce ta riƙe lissafi da injin ɗab'i, ta sa jaridar ta tsaya da ƙafarta, har daga baya ta zama 'yar majalisar tarayya. Sai dai ita ce kuma mai ƙyamar 'yan asalin, mai jagorantar matan gari wajen korar Dixie Lee, matar da mijinta ya tsaya wa a kotu. Ferber ba ta bai wa ɗayansu gaskiya duka ba, kuma nan ne ƙarfin littafin yake.

Wannan ne muke son malami ya fito da shi. Ɗaliban da suka saba da littattafan soyayya na Kano za su yi saurin tambayar wa ya ci amanar wa. Aikin malami shi ne ya mai da su ga tambayar wa ke yanke abin da za a buga, kuma wa abin ke cutarwa.

Akwai illa da ba za mu rufe ido a kanta ba. Yadda aka siffanta Isaiah, yaron gida baƙar fata, cike yake da rainin zamaninsa. Saboda haka ba mu ba da shawarar a sa littafin a matakin sakandare ba. Ya fi dacewa da kwalejojin ilimi, inda za a tattauna wannan siffantawa a fili.